Taƙaitawa: gwajin tashin dron mai tuƙa kansa a Damagaram

Salam 'yan uwa, maganar da aka yi kan yadda za a gwada tashin dron mai tuƙa kansa ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kowa ya yarda a cire farfela kafin gwajin farko na motocin dron (injinan da ke juya farfela), a duba kowace na juyawa ta inda ya dace.

2. Saitin kamfas nesa da mota, rodin gini da wayar wuta. Nan aka fi daɗewa ana magana, don in kamfas ya ruɗe dron sai ya dinga zagaye yana faɗaɗa da'ira har ya ɓace maka.

3. Masu Pixhawk (na'urar da ke sarrafa tashin dron) da ArduPilot (manhajar da ke cikinta) sun ce a fara da tsarin tashi na Stabilize (kai ke tuƙi, dron na daidaita kansa kawai), sai AltHold (yana riƙe tsayinsa da kansa), sai Loiter (yana tsayawa wuri ɗaya a sama) in GPS ya kama sosai. RTL (dron ya dawo da kansa inda ya tashi) a gwada shi kusa, a saka tsayin dawowa ya wuce itatuwa da duwatsun wurin.

4. Batirin LiPo (irin batirin da dron ke aiki da shi): 4.2V cike kowane sel, ajiya wajen 3.8V, kada a bar shi cikin mota da rana, kumbura zai yi.

Inda aka rabu: wasu sun ce a tashi da sassafe ko da hunturu ne, wasu sun ce ƙurar na shiga motocin dron gara a jira. Ni dai sassafen na fi so, iska ba ta tashi ba. Haka batun tashi daga tabarma ko katako, ba a daidaita ba.

Amma izini ba gardama, a tuntuɓi ANAC (hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Nijar) da jami'an tsaro tukuna, a nisanci filin jirgi da barikin soja.