Yaya ake gane dinarin azurfa na Rumawa na gaske?

Ɗan Gusau: Assalamu alaikum. An kawo mini wata 'yar tsabar azurfa, wai ta Rumawa ce. A gaba kan mutum ne da rawanin ganye, ana iya karanta IMP TRAIANO AVG, a baya kuma akwai COS V. Faɗinta milimita 19. Ta ina zan fara kafin in biya?

Malam Na-Kaura: Wa alaikumus salam. In rubutun gaskiya ne, Sarkin Rumawa Tarajan ke nan, wanda ya yi mulki daga 98 zuwa 117 miladiyya, COS V kuma na nuna an buga ta tsakanin 103 da 111. Amma mai jabu ma ya iya rubutu. Kai ta wurin masu sayen zinari su ɗora maka a sikelinsu: dinarin zamanin yana kai giram 3 zuwa 3.4. In ta gaza 2.7 alhali ba ta suɗe ba, yi hattara. Sannan ka duba gefenta da gilashin ƙara girma. Rumawa bugu suke yi da guduma, ba zubi ba, shi ya sa ta gaske ba ta cika zama da'ira sak ba, har da 'yan tsage-tsage a baki. Ta zubi tana da layin haɗi a gefe, ko sawun zarto inda aka goge shi, da ramuka ƙanana kamar na masa, haruffan kuma a dakushe.

Bakabe: Malam ya gama magana, ƙari kawai. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma ba ya kama jan ƙarfe da dalma ma, don haka wannan gwajin bai isa ba. Akwai jabu tun na zamanin Rumawan, jan ƙarfe a ciki, azurfa a sama. Inda ya ɓantare za ka ga ja ko kore. Kuma kar a haɗa ta da liyari mai ɗauke da shekarar 1780 da iyayenmu mata ke ratayawa, shi giram 28 ne, na Ostiriya.

Hajiya Mai-Awo: Ɗan'uwa, don Allah kar ka bari maƙeri ya kankare ta ko ya ɗiga mata asid. Ban da toka, ban da lemun tsami. Baƙin nan da ke jikinta yana cikin darajarta, in ka goge ka karya farashin. Ruwa mai tsabta da burushi mai laushi sun isa, a busar, a sa a ambulan takarda, don wata ledar tana sa tsaba ta yi kore.

Ɗan Gusau: Na gode ƙwarai. An auna, giram 3.2. Saura gefen.