Gwajin TDT idan babu samfurin uba

Hauwa'u: Assalamu alaikum. Ina binciken alaƙar wata ƙwayar gado da wata cuta a cikin iyalai, kuma na yi niyyar amfani da gwajin TDT, wato gwajin da ke duba nau'in ƙwayar gadon da iyaye suka fi gadar wa 'ya'ya masu cutar, sai dai a iyalai da dama samfurin DNA na uwa da na ɗa kaɗai aka samu. Shin zan iya haɗa su da iyalan da suka cika?

Dakta Nasiru: Wa'alaikumus salam, Malama Hauwa'u. Gwajin TDT da masana Spielman da McGinnis da Ewens suka gabatar a 1993 yana duba mahaifan da ke ɗauke da nau'i biyu mabambanta na ƙwayar gadon ne kawai, a ce A da B, ya ƙirga sau nawa aka gadar wa ɗa mai cutar kowane nau'i. Idan an gadar da A sau 60, B sau 40, sai a ninka bambancin, wato 20, da kansa, a raba da jimillarsu, wato 100, a sami 4, wanda ya haura 3.84, iyakar da idan an haura ta ake ɗauka cewa akwai alaƙa.

Matsalarki tana wajen uwa mai AB. Idan ɗanta AA ne ko BB, an san abin da ta ba shi. Idan AB ne, ba a sani ba, sai a ajiye iyalin. To, idan A ya fi yawa a cikin al'umma, uban da ba a gani ba zai fi bayar da A, 'ya'ya masu AA su rinjayi masu BB, lissafi ya nuna alaƙa alhali babu ita. Masana Curtis da Sham sun yi gargaɗi a kan wannan tun 1995.

Malam Isiyaku: Idan akwai 'yan'uwan mai cutar, ki karɓi samfurinsu. Hanyar FBAT, wata hanyar gwada alaƙa a cikin iyalai wadda ta ginu a kan aikin Rabinowitz da Laird na 2000, tana aiki ko da mahaifi ɗaya ya ɓace, ba tare da an yi hasashen nau'insa ba. Ƙarfin gwajin zai ragu, amma ni na fi yarda da raunin da aka sani a kan sakamakon da ya kumbura.

Hauwa'u: Na gode ƙwarai. Iyalan da ɗa ɗaya ne tilo fa?

Dakta Nasiru: Ki cire su daga TDT. Kuma ki tantance kurakuran karanta samfuri tukuna, domin waɗanda ba su saɓa wa dokar Mendel ta yadda ake gado daga iyaye ba suna wucewa ba a gane su ba, su karkatar da sakamako zuwa nau'in da ya fi yawa.