Ta yaya zan yi wa abokin aikina bishara ba tare da mun ɓata ba?

Sabon Almajiri: Salama, 'yan'uwa. Ina so in yi wa wani abokin aikina maganar Yesu, amma ina tsoron zancen ya koma gardama. Wasu sun ce halin kirki kaɗai ya isa, ba sai an buɗe baki ba. Haka ne? Daga ina zan fara?

Dattijon Ikilisiya: Ɗana, hali yana buɗe ƙofa, amma bai isa ba, Romawa 10:14 ta nuna sai mutum ya ji kafin ya ba da gaskiya. Shirya shaidarka kashi uku, kamar yadda Bulus ya yi a gaban sarki Agaribas a Ayyukan Manzanni 26: yadda kake a dā, yadda ka sadu da Almasihu, da abin da ya sāke a rayuwarka. Rubuta ta, ka karanta da ƙarfi kana duba agogo, kada ta wuce minti 3. Yawanci a kashi na farko ake lalata ta: mutum ya yi ta labarin tsohon zunubinsa, Yesu ya samu jimla ɗaya a ƙarshe. Ka kuma cire kalmomin da sai ɗan majami'a ke ganewa, irin su "barata". Zuciyar saƙon tana 1 Korintiyawa 15:3-4: Almasihu ya mutu domin zunubanmu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku. Lokacin hutu za ka yi maganar, ba lokacin da ake biyanka ka yi aiki ba.

Mama Mai Ziyara: Ɗana, ga kashedi kan hidima. Kada taimakonka ya zama tarko. Da abokin aikinka ya lura cewa sai ya saurari wa'azi kake kula shi, amana ta tafi, kuma dawo da ita da wuya. Kutare 10 Yesu ya warkar a Luka 17, ɗaya ne ya dawo godiya, bai kuwa janye warkarwar sauran ba. In abokin aikinka ba shi da lafiya, je ka duba shi, minti 15 ya isa. Tambaye shi, "Ka yarda in yi maka addu'a?" Bayan mako guda ka sake tambayar jikin. Wannan komawar ce mutane suka fi mantawa.

Malamin Lahadi: Ɗan'uwa, in ya nuna sha'awa, ku karanta Markus tare. Littafin yana da sura 16, shi ne mafi gajarta cikin littattafan Bishara huɗu; sura ɗaya a mako. Ka bar shi ya fara faɗin abin da ya gani game da Yesu. Kada ka kushe abin da ya gaskata, domin 1 Bitrus 3:15 ta ce a amsa da tawali'u da ladabi. In ya yi tambayar da ta fi ƙarfinka, ce masa za ka bincika, ka kuwa dawo da amsar. In ya ce ba ya so, ka dakata, ku ci gaba da gaisawa kamar dā.