Shawarwarin 'yan Filifin kan zaman Japan

Ga abin da na tsinta a hirar 'yan Filifin masu aikin kula da tsofaffi a Japan. Yare ne kan gaba, ko gaisuwa ce ka fara koya. Kana samun masauki ka yi rajistar adireshi a ofishin gunduma cikin kwana 14, katin zama kuma kullum a aljihu. Shara fa ita ta fi wahalar da su wallahi, kwalba daban, gwangwani daban, mai ƙonewa daban, kowacce da ranarta, in ka cakuɗa sai a bar maka kayanka da takarda manne, maƙwabta na gani. Banda makara aiki, banda amsa waya a jirgin ƙasa. Kewar gida kuwa, cocin da ake addu'a da Tagalog, wani yaren ƙasarsu, ke rage musu ita.