Bammi a jarkar maganin feshi: shin wanki yana raba ta da guba?

Duba-gari daga Taraba ya rubuta:

Assalamu alaikum, ina yi wa kowa fatan alheri. Ni ma'aikacin duba-gari ne, kuma shekara guda ke nan da aka turo ni wata ƙaramar hukuma a kudancin Jihar Taraba, inda gidaje masu yawa ke ci da sha da biyan kuɗin makarantar yara daga sana'ar bammi. Ni Musulmi ne, ban taɓa kai shi bakina ba, amma lafiyar mai sayarwa da ta mai saye amana ce a wuyana, tunda a kanta nake karɓar albashi.

Abin da ya hana ni barci shi ne mazubin da ake kawo bammin a ciki. A ranar kasuwar da ta wuce na duba jarkokin da aka sauke daga babura, sai na tarar wasu daga cikinsu na maganin feshin ciyawa ne, har takardar kamfani tana nan manne a jikin guda biyu. Da na yi magana, wani dattijo ya ce mini sun wanke su da toka da omo, sun shanya su kwana uku a rana, kuma shekaru suna amfani da irinsu ba wanda ya faɗi. A watan da ya gabata kuwa an kwantar da wasu mutane da amai da gudawa bayan wani biki, aka yi ta nuna wa juna yatsa ba tare da an gano tushen abin ba.

Shin wanki yana fitar da guba daga jarkar roba? In ba ya fitarwa, me zan ce su koma wa, gora da tulu irin na da, ko wani abu dabam? Ba na so in hana mutum abin da ke hannunsa ban nuna masa madadinsa ba.

Ɗan Mai Tukurwa ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Malam Duba-gari, sannu da ƙoƙari. Ni haifaffen kudancin Kaduna ne, kuma da kuɗin bammi mahaifina ya yi mana karatu, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani.

Itatuwa biyu ake tatsa a wajenmu. Kwakwar manja hawa ake yi da igiya a kewaye da ƙugu, a yanka gindin furen, a sa ɗan bututu, a ɗaura gora a ƙarƙashi, sannan a riƙa komawa safe da yamma ana sauke abin da ya taru ana sabunta yankan da wuƙa domin kada bakin ya toshe. Tukurwa kuwa, wadda muke samun gwangwala daga gare ta, tana fitowa ne a fadama da bakin rafi, kuma sau ɗaya take fure a rayuwarta ta mutu, saboda haka ana jiran lokacin da take shirin furen a huda kanta. Ruwanta ya fi yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa mai tukurwa ne ya fi buƙatar babban mazubi, kuma shi ya fara rungumar jarka.

Gora ba don ƙiyayya aka bar ta ba. Lokacin da ake ɗaukar bammi a ka ko a keke zuwa kasuwar kusa, gora ta wadatar. Da babur ya shigo, hanya kuma ga ramuka, sai ya zama mutum zai iya asarar aikin kwana biyu a gargada ɗaya. Jarkar maganin feshi kuma kyauta take, tana yashe a kowace gona bayan damina, ga kauri, ga murfi mai kyau. In ka je da maganar hani kawai, za su ɓare takardar ne su ci gaba da abinsu, kai kuma ka rasa alamar da kake gane ta da ita.

Kuma kada a ɗauka gora ba ta da nata aibin. Bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga, cikinta kuma yana riƙe wani farin dauɗa mai yauƙi wanda ke sa sabon bammi ya yi tsami da wuri. Mahaifina yana da jeri biyu na goruna, yau ya ɗaura waɗannan, gobe waɗancan, waɗanda ke hutu kuma a zuba musu ruwan zafi da 'yan tsakuwa a girgiza, a kife su a rana. Bai taɓa toshe bakin gora tam ba, ganye yake cusawa, domin bammi yana numfashi.

Malamar Kimiyyar Abinci ta amsa:

Malam Duba-gari, amsar tambayarka ta farko ita ce a'a, kuma ina roƙonka kada ka sassauta a kanta ko da an kawo maka shaidar shekaru ashirin. Roba ba kamar kwalba take ba. Magungunan feshi da yawa, musamman waɗanda aka narkar a cikin sinadarai masu kama da mai, suna ratsa jikin robar su zauna a ciki, sannan su riƙa fitowa a hankali zuwa cikin duk abin da aka zuba daga baya. Wankin nan sau uku da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya take koyar da manoma, ana yin sa ne domin a rage haɗarin jarkar kafin a huda ta a zubar. Hukumar ba ta taɓa cewa wankin yana mai da ita mazubin abinci ba. Maganar dattijon cewa ba wanda ya faɗi ba hujja ba ce, domin gubar da ake sha kaɗan-kaɗan ba ta cika kayar da mutum nan take ba, kuma in ciwon ya bayyana daga baya ba wanda zai tuna da jarka.

Bammi ya fi ruwa iya jawo abin da ke jikin mazubi, kuma dalilin yana cikin yadda yake canzawa. Ruwan da ke ɗigowa daga itacen garau yake, mai zaƙi, sukarinsa ya kai kusan kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, kuma babu barasa a cikinsa. Amma tun yana kan itacen yis ɗin da ke cikin iska da jikin mazubin, tare da wasu ƙwayoyin bakteriya, suke fara cin sukarin suna mai da shi barasa da iskar da ke sa shi kumfa. Cikin 'yan sa'o'i barasar tana iya kai kashi 4 cikin ɗari, tsami yana ƙaruwa, bayan kwana biyu ko uku kuma wasu bakteriyar su juya barasar ta koma ruwan khal. Ruwa mai barasa da tsami a haɗe yana narkar da abubuwan da ruwa zalla ba zai taɓa ba. Saboda haka ne ma bokitin kwano mai shafen zinki da tsohuwar duro mai tsatsa ba su dace ba, domin tsamin yana cin ƙarfen, kuma yawan zinki a ciki yana kawo amai da murɗawar ciki jim kaɗan bayan sha. Haka nan duk mazubin da aka like da dalma.

Abin da ɗan'uwana na Kaduna ya kira numfashi gaskiya ne. Iskar ba ta daina fita muddin akwai sauran sukari, don haka kwalbar da aka rufe tam tana iya fashewa ta ji wa mutum rauni a fuska, jarka kuma ta kumbura ta harba murfinta. Bammin kwalba da cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO da ke Oshodi a Legas da cibiyar binciken kwakwar manja ta NIFOR da ke kusa da birnin Benin a Jihar Edo suka yi aiki a kansa, sai an dumama shi an kashe ƙwayoyin da ke cikinsa sannan yake zama lafiya a rufe. Wanda ba shi da wannan kayan aiki kada ya kwaikwayi rufewar.

Game da madadi, ba sai an nemi abu mai tsada ba. Jarkar man girki mai ruwan ɗorawa, mai cin lita 25, tun asali don abinci aka yi ta, kuma ana samun ta a hannun masu sayar da mai da masu toye-toye. A duba gindinta, za a ga alamar kusurwa uku da lamba 2 a ciki, wasu kuma har da hoton kofi da cokali mai yatsu. Sai dai lambar kaɗai ba ta isa ba, domin jarkar maganin feshi ma yawanci da irin wannan robar ake yin ta. Abin da ya raba su shi ne abin da aka fara zubawa a ciki, shi ya sa jarkar da ba a san tarihinta ba ta zama abin ƙi.

Bazangon Kumasi ya amsa:

Salamu alaikum. A nan Gana sare itacen kwakwar manja ake yi a kwantar da shi, a fafe rami a wajen kansa, a sa tukunya ko galan a ƙasa, ruwan ya yi ta ɗiga na tsawon makonni. Domin hana tsutsa cin ramin, masu aikin kan hura wutar busasshen ganyen kwakwa a ciki. Na zauna kusa da masu wannan sana'a a wani ƙauye lokacin da nake fataucin goro, kuma na ga wani da ya gaji da hura wuta ya koma fesa maganin ƙwari a bakin ramin. Saboda haka, Malam, kada ka tsaya a kasuwa. Ka bi su har gindin itacen, domin mazubi mai tsabta ba zai yi amfani ba in gubar ta shiga tun daga sama. Ka kuma dubi bakin mazubin da ke kwana a daji, ko a rufe yake da ƙyalle ko raga, domin ƙuda da ƙudan zuma da ɓera duk zaƙin yana kiransu. A Bangladesh, tun daga shekarar 2001, cutar Nipah take kashe mutane ta hanyar ɗanyen ruwan dabino da jemagu suka lasa ko suka yi wa fitsari cikin dare, kuma abin da aka ga yana taimakawa shi ne ɗaura wani ɗan asabari a kan wurin yankan da bakin tukunyar.

Nas Mai Ritaya ta amsa:

Ɗana Duba-gari, zan tsaya ne a kan mutanen da ka ce an kwantar, domin yadda ciwo ya zo yakan nuna inda ya fito. Amai da gudawa da suka kama jama'a bayan biki sun fi kama da aikin gurɓataccen ruwa. Masu sayarwa da yawa suna ƙara wa bammi ruwa domin ya yi auki, su jefa sakarin, wato sinadarin zaƙi da ba sukari ba, ya mayar da zaƙin, kuma ruwan da ke kusa, na rafi ko na rijiya marar murfi, shi ake ɗiba. Barasar da ke cikin bammi ba ta kai ƙarfin da za a dogara da ita ta kashe ƙwayoyin taifot ko kwalara ba. Ga kuma ƙwarya ɗaya da take zagaya bakin mutum goma ana ɗauraye ta a ruwa ɗaya tun safe.

Gubar maganin ƙwari tana da nata kamannin: yawu yana dalala, gumi yana karyowa, baƙin ido ya ƙanƙance, numfashi ya yi nauyi. Maganin ciyawan nan mai suna parakwat kuwa yakan ƙona baki da maƙogwaro, mutum ya ga kamar ya samu sauƙi, bayan kwanaki huhu ya lalace, kuma ba shi da makari. In aka ga irin wannan, kada a ɗura wa mutum manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A garzaya da shi asibiti tare da jarkar da sauran abin da ya sha. Na ga ran da aka rasa saboda an ɓata sa'o'i ana ɗura manja a gida, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Sai ka bambance bammi da ogogoro, wato barasar da ake dafawa a tace daga tsohon bammi. A nan ne haɗarin metanol yake, wato wani nau'in barasa mai guba, musamman in marasa imani sun haɗa ta da sinadarin masana'anta domin ta ƙara ƙarfi. A watan Afrilun 2015 mutane aƙalla 18 suka mutu a Ode-Irele da ke Jihar Ondo, a watan Yunin shekarar kuma wasu gommai suka bi su a Jihar Ribas, duk ta wannan hanya. Alamar gubar metanol takan jinkirta sa'o'i 12 zuwa 24, sannan ciwon kai da ciwon ciki su zo, gani ya dushe kamar hazo ya sauka. Abin da bai fi cokali ɗaya ba yana iya makantar da mutum.

Ina kuma roƙonka, in ka tara matan yankin, ka yi musu maganar masu jego. An yi imani a wurare da yawa cewa bammi yana kawo ruwan nono, har ana ba yara masu ƙyanda. Barasa tana bi ta nono ta isa ga jariri, kuma wanda ake kira mai zaƙi na safe ma ya riga ya fara juyawa tun a kan itace.

Duba-gari daga Taraba ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Mama Nas, da Malama, da 'yan'uwana na Kaduna da Kumasi, Allah ya saka da alheri. Na je wurin shugaban masu tatsar jiya da yamma, na karanta masa bayanin Malama ina fassara masa da taimakon ɗansa. Bai yi gardama a kan gubar ba, kuɗin sabuwar jarka ne damuwarsa, kamar yadda Ɗan Mai Tukurwa ya hango. Mun tsayar da cewa ranar kasuwa mai zuwa zan zo da mai sayar da man girki na garin domin a yi cinikin jarkokinsa a dunƙule, duk wanda ya karɓi ɗaya kuma ya miƙo ta feshin a huda ta a gaban jama'a. Ya kuma yarda in bi ɗansa fadama da asubahin Asabar in ga yadda ake ɗaura mazuban. Malama, in da hali ki rubuto mini yadda za a wanke jarkar man ta rabu da maiƙo kafin a fara zuba bammi a ciki, domin ita ce tambayar farko da ya yi mini.