Taƙaitawa: wane kundin waƙa ne ya ci 2015 a Amurka?

Muhawarar ta yi tsawo, shi ya sa na tattara abin da 'yan uwa suka faɗa.

1. Kowa ya yarda cewa kundin mawaƙiya Adele mai suna 25 ne ya fi kowanne kasuwa a shekarar. Ya fito ranar 20 ga Nuwamba, a makon farko kaɗai aka sayi kwafi kusan miliyan 3.38.

2. Nan aka rabu. Wasu sun ce a jadawalin ƙarshen shekara na Billboard, mujallar Amurka mai jera waƙoƙin da suka fi kasuwa, kundin mawaƙiya Taylor Swift mai suna 1989 ne a sama. Su ma gaskiya suka faɗa, domin Billboard na rufe lissafin shekararta a Nuwamba, kafin cinikin Adele ya shigo. Shawarar da aka fi maimaitawa: kafin ka yi gardama, ka tambaya wace shekara ake nufi, ta kalanda ko ta jadawali. Ni dai wannan ce ta fi shiga raina, don da ita rigimar ta lafa.

3. Tun Disamba 2014 Billboard ke haɗa sauraro ta intanet cikin lissafi, kuma a lokacin ana ƙirga sauraro 1,500 a matsayin kwafi ɗaya. Dattawanmu sun ce wanda ya ciro kuɗi ya sayi faifai ya riƙe a hannu, ba daidai yake da mai latsa waya ba. Matasa suka ce ai su ma data suke saya.

4. An tuna cewa Adele ta hana a sa 25 a Spotify, manhajar sauraron waƙa ta intanet, sai Yuni 2016.