Wai me za mu kira "ceremonial president" da Hausa?

Ɗan Tudun Wada:
Salam jama'a, ku taimaka min da wata kalma. Jiya ina koyar da 'yan aji biyar darasin gwamnati, muka zo kan zumuncin Najeriya da Indiya, na ce musu tun 1958 Indiya ta buɗe ofishin jakadanci a Legas tun ba mu samu 'yanci ba, kuma firaministansu Modi ya zo Abuja a Nuwamban 2024 har Tinubu ya ba shi lambar girma ta GCON. Sai wani yaro ya ɗaga hannu wai malam don me shugaban ƙasarsu bai zo da kansa ba ya turo firaminista, raini ne? Na ce a'a, su tsarin firaminista suke bi irin na Ingila, shi ke riƙe da gwamnati, shugabar ƙasarsu Droupadi Murmu kuwa ceremonial ce, toh a nan fa na maƙale wlh, na rasa Hausarsa.

Malama daga Samaru:
Ai tuni 'yan rediyo suka gama wannan, shugaban jeka-na-yi-ka.

Ɗan Tudun Wada:
Shi na fara faɗa Malama, ajin ya fashe da dariya, yanzu a ransu matar nan 'yar amshin shata ce kawai. Kalmar zagi ce ai, irin wadda muke jifan ciyaman ɗin da gwamna ya ɗora da ita.

Baba na Ƙofar Doka:
Ɗana ka yi daidai da ka ƙi ta. Mu mun ga wannan tsari da idonmu a Jamhuriya ta farko, Tafawa Ɓalewa firaminista, Zik shugaban ƙasa daga 1963. Ana cewa Zik ba shi da iko, amma bayan zaɓen Disamban 1964 da aka yi ta rigima a kai, sai da ya yi kwanaki ya ƙi kiran Ɓalewa ya kafa gwamnati, ƙasa ta tsaya cik kowa kunne a rediyo, sai a Janairu aka sasanta. Wanda zai iya tsayar da ƙasa haka ba jeka-na-yi-ka ba ne. Sai 1979 muka koma irin na Amurka, shugaba mai cikakken iko, Shagari ya fara. Ni da uban ƙasa zan ce.

Ɗan Sabon Gari:
Allah ya ja kwana Baba, amma uban ƙasa a nan Zazzau ai hakimi ko sarki zai faɗo wa mutum a rai, gado ake ko naɗi. Ita kuwa zaɓenta aka yi, 'yan majalisun tarayya da na jihohi ne suka kaɗa mata ƙuri'a, wa'adin shekara 5. Me zai hana shugaban alfarma?

Malama daga Samaru:
Alfarma kuma? Yara za su ɗauka hanya aka yi mata kamar mai neman admishan lol. Shugaban girmamawa ma na yi tunani amma sai ya tuno min digirin girmamawa, wanda ba a shiga aji ba.

Ɗan Tudun Wada:
Ni abin da ya sa na damu, aikin nata fa ba hoto ba ne kaɗai. Ita jakadu ke miƙa wa takardun kama aiki, ita ke sa hannu kafin doka ta zama doka, kuma in zaɓe ya zo ba jam'iyyar da ta kai kujeru 272 cikin 543 na majalisar wakilansu, ita ke kiran wanda zai kafa gwamnati. A 2024 jam'iyyar Modi 240 ta samu, sai da ƙawayenta suka cika mata. A 1999 kuwa da ƙuri'a ɗaya tak gwamnatin firaministansu na lokacin Vajpayee ta faɗi a majalisa, a irin wannan ranar ai kowa ƙofar shugaban ƙasa yake kallo. Mu nan ko majalisa ta juya wa shugaba baya yana nan daram sai dai a bi doguwar hanyar tsigewa.

Baba na Ƙofar Doka:
To ku ce shugaban martaba. Martabar ƙasa ce a hannunsa, zartarwa tana hannun firaminista. Ba ku ce mai martaba ba balle a ce kun taɓa fada.

Ɗan Sabon Gari:
Kai wannan ta zauna a baki. Shugaban martaba da shugaban zartarwa, Indiya ta raba su biyu, mu da Amurka mun haɗa wa mutum ɗaya. Har Jamus ma ta shiga ciki.

Malama daga Samaru:
Na yarda amma kar ku yi tsammanin 'yan jarida za su saki jeka-na-yi-ka, ta fi daɗin kanun labari.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Ranar Litinin zan rubuta ta a allo in ga ko yaron nan zai sake ɗaga hannu, don na san shi, cewa zai yi to Sarkin Ingila fa.